Ba Mutallib da Motar Zabarmari

Idan aka idar da sallar asuba, Ba Mutallib ba ya komawa gida. Yakan saɓa jakar kayan aikinsa ya taka a ƙasa har garejinsa da ke bayan kasuwar Gamboru, yana tafe yana amsa gaisuwa, wani da Hausa wani da Barbarci. In ya isa, sai ya share gindin bishiyar dogon yaron da yake aiki a ƙarƙashinta, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa buhu ya jera kayansa. Shayinsa ba ya son madara. Yana sha yana kallon motocin da suka kwana a wurin, kamar mai duba marasa lafiya. Idan mai mota ya zo da ƙorafi, ba ya yarda a buɗe bonet nan take. Sai ya ce a tayar da ita, ya sunkuyar da kai ya saurara, sannan ya tambayi mai ita inda yake zuwa da ita kullum, da irin kayan da take ɗauka, da lokacin da take fara gardama, da sanyin safiya ne ko sai rana ta take.

Sunansa na yanka Abdulmutallib. Mahaifinsa Bakano ne da fataucin goro ya kawo shi Maiduguri, ya zauna bai koma ba. A nan aka haife shi, a nan ya koyi gyaran wutar mota tun zamanin da motar gari ba ta da yawa, kuma maƙwabtansa Barebari ne suka laƙa masa Ba Mutallib, da "Ba" ɗinsu ta girmamawa, sunan ya bi shi. Ni malamin makaranta ne a Galtimari. Tsohuwar motata ce ta haɗa mu shekaru da dama da suka wuce, daga baya na riƙa zuwa ko motar ba ta da komai. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki ya miƙa garejin ga Nuraddeen, tsohon almajirinsa a sana'a, wanda shi ma yanzu furfura ta fara fito masa. Shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da na sani game da mutumin nan tun yana raye.

Duk wanda ya zauna a garejin zai ji ana gardama a kan kwayil. Ga wanda bai sani ba, kwayil wani ɗan abu ne da bai fi tsawon tafin hannu ba, yana zaune a kan fulogi. Shi ke karɓar wutar batir, wadda ba ta da wani ƙarfi, ya ninka ta har ta isa ta yi tartsatsin da zai kunna fetur a cikin inji. In ya mutu, inji ya shiga rawa da tari, wani lokaci ya tsaya cik. A kasuwa iri uku ake samu. Akwai na kamfanin da ya ƙera motar, sabo dal, amma samunsa sai an sha wuya. Akwai na Kwatano, wanda aka ciro daga motocin da aka yanka a ƙasashen waje. Sai kuma na kasuwa, sababbi, waɗanda wasu kamfanoni dabam suke yi. Wasunsu baƙaƙe ne ba ado, wasu ja ko rawaya, kwalinsu cike da alkawarin ƙarin gudu da rage shan mai.

Matsayin Ba Mutallib a kan wannan kowa ya san shi. Kwayil ɗin da mota ta zo da shi, muddin yana aiki, a bar shi. In ya mutu, a nemo ɗan'uwansa na asali, ko da na Kwatano ne. Yakan ce waɗanda suka ƙera injin sun auna wutar da yake buƙata, kuma fetur ɗin da ashana ɗaya ta kunna, ko gobara ka kawo masa, iyakar cin da zai yi ke nan.

Abokin gardamarsa shi ne Theophilus, mai shagon kayan gyaran mota a bakin layin. Mutumin Nnewi ne, ya zo garin nan yana saurayi, Hausarsa ta fi ta wasunmu, kuma yana cikin waɗanda ba su tashi ba a shekarun da gari ya yi zafi. Shi hujjarsa ita ce, na Kwatanon da ake yabo ya yi shekaru yana aiki a wata ƙasa kafin ya iso mu, ba wanda ya san sauran kwanansa. Yakan ce ba duk na kasuwa ne jabu ba, akwai kamfanonin da suka san abin da suke yi, sai dai mutum ya san hannun da zai saya. Na sha ganin su biyun sun raba goro ɗaya suna wannan magana, kowa na girgiza kai, a tashi ba wanda ya sauka daga kan bakansa. Washegari a ɗora daga inda aka tsaya.

Abin da ya sa na gane cewa gardamar ba ta fatar baki ba ce shi ne zuwan Kashim. Kashim direba ne, yana da a-kori-kura da yake jigilar manoman shinkafa da ma'aikatansu tsakanin gari da gonakin Zabarmari. Duk ɗan Maiduguri ya san mece ce wannan hanya a shekarun nan na 'yan bindiga. Ana fita da safe, ana son a dawo kafin a rufe shingen sojoji da yamma, kuma motar da ta mutu a tsakiyar daji ba ita kaɗai take cikin haɗari ba.

Ina zaune ran nan Kashim ya shigo da kwali a hannu, kwayil huɗu jajaye a ciki. Wani ne ya gaya masa suna ƙara wa mota gudu. Ya ajiye a gaban Ba Mutallib ya ce a cire na jikin motar a sa waɗannan. Ba Mutallib ya juya kwalin, ya tambaye shi ko motar tana masa wani abu. Kashim ya ce lafiyarta ƙalau, gudu kawai yake so. Da aka matsa masa sai ya faɗi gaskiya. A makon da ya wuce ya hangi mutane a kan babura daga nesa, ya take mota iya ƙarfinsa, yana ji kamar a tsaye take. Tun daga ranar bai yi barcin kirki ba.

Ba Mutallib bai yi masa dariya ba. Ya ce, "Kashim, tsoronka gaskiya ne, amma maganinsa ba ya cikin kwalin nan. Waɗannan ba za su ƙara maka ko taku ɗaya ba. Abin da kake buƙata a hanyar nan motar da ba ta tsayawa ne. Na jikin motarka na san su, waɗannan ban san su ba."

Kashim ya so ya yi fushi. Ba Mutallib ya bar shi ya gama, sannan ya kwance fulogan ya nuna masa yadda bakinsu ya cinye, ya ciro matatar iska da ta toshe da ƙasa, ya ce ga inda gudunka ya tafi. Ya canza waɗannan, ya wanke abin da ke buƙatar wanki, ya ce ya mayar da jajayen inda ya samo su. Motar ta sake jiki. Kashim ya ci gaba da bin hanyarsa damina da rani, kuma daga ranar ya zama mai wa'azin maganar Ba Mutallib a tashar Zabarmari. Duk direban da ya ga ya riƙo kwali mai ado sai ya tare shi.

Da labarin ya tsaya a nan, da na ce dattijo ya faɗi gaskiya, shi ke nan. Amma sai ruwa ya zo.

Ambaliyar da ta ci garin nan ba sai na ba mutanen Maiduguri labarinta ba. Gamboru na cikin wuraren da suka fi shan ta. Garejin ya nutse, motocin da ke ciki sai rufinsu ake hange, har da ta Kashim da ya kawo a duba masa kwana kaɗan kafin abin ya faru. Shagon Theophilus ma ruwa ya kai rufi. Da ruwan ya janye, mutane suka dawo suna tonon abin da ya rage a cikin laka.

Kashim ya zo da fuskar da ban taɓa gani ba. Ruwa ya ci gonaki da yawa, amma akwai shinkafar da ta tsira a wuraren da ke da tudu, kuma ta kusa yanka. In ba a kai ma'aikata sun kwashe ta a kan lokaci ba, tsuntsaye da ɓarayi za su gama da ita. Iyalai da dama, har da nasa, ita ce kaɗai abin da suke kallo na shekarar. Motoci kuwa sun yi ƙaranci, rabin na tashar suna kwance.

Ba Mutallib da Nuraddeen suka duƙufa a kan motar. Suka zubar da mai, suka busar da wayoyi, suka wanke tanki. Kwayil ɗin huɗu duk sun tafi. Kamar yadda ya saba, ya shiga kasuwa ya samo na Kwatano, masu tsabta, ba tabo. Aka sa, mota ta tashi da bugu ɗaya, Kashim ya fara murna. Ba Mutallib ya ce a bar ta tana aiki har ta yi zafi. Ba a jima ba injin ya fara rawa. Ya mayar, ya karɓo wasu daga wani shagon, su ma haka. Sai ya ɗauki ɗaya ya fasa shi da guduma a gabanmu. Ciki akwai danshi da tsatsa. Kayan ruwa ne aka wanke, aka goge da mai, aka mayar kan kantar shago. Wataƙila ma wasu masu shagunan ba su sani ba, su ma haka aka kawo musu.

Na ga dattijon ya zauna a kan benci yana jujjuya fasasshen kwayil ɗin. Abin da ya yi shekaru yana dogaro da shi ne ya ci amanarsa. Can ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya nufi bakin layi. Na bi shi.

Mun tarar da Theophilus yana kankare laka daga katakon shago. A gefe ga buhuna cike da kayan da ruwa ya taɓa, ya ɗaure bakinsu. An zo an taya, ya ƙi sayarwa, domin ya san inda za su ƙare. A kan kantar shagon kuwa ga 'yan kwalaye sababbi da ƙaninsa ya aiko masa daga gida don ya sake kafuwa. Ba Mutallib ya yi masa jaje, sannan ya ce, "Theophilus, yau kai ne da gaskiya. Wanne ne a cikin kayanka za ka sa wa motar da ɗanka zai shiga?"

Theophilus bai yi murmushin cin nasara ba. Ya tsallake masu ado, ya ciro wani kwali mara kyan gani daga ƙasa, ya ce waɗannan ya daɗe yana sayar da su, ba a taɓa dawo masa da ko ɗaya ba, kuma ba su yi wa kowa alkawarin gudu ba. Ya ƙara da cewa, "Amma Malam, kada ka yarda da bakina. Ka gwada su yadda ka saba."

Haka aka yi. Ba Mutallib ya sa su, ya sa aka loda wa motar buhunan yashi, Nuraddeen yana tuƙi shi yana gefe, suka riƙa zaga gari da tsakar rana, suna shiga cunkoso da gangan, suna hawa gada suna sauka. Kwanaki suna haka, Kashim yana ta safa da marwa, manoma suna ta kiransa a waya. Da dattijon ya gamsu, ya kira shi ya ce mota ta tashi, gobe ya fita. Kashim ya buɗe bonet, ya ga abin da aka sa, ya ja da baya.

"Baba, kai da bakinka ka hana ni na kasuwa. Ka ce ba ka san su ba. Yanzu in ɗauki mata da magidanta in shiga dajin nan a kansu?"

Ba Mutallib ya ce wancan karon ya hana shi cire mai lafiya don ya sa wanda ba a sani ba, yanzu kuwa mai lafiyar ne babu, kuma waɗannan ya gwada su. Kashim dai bai sake ba. Ba taurin kai ba ne, darasin da aka koya masa ne ya riƙe da hannu biyu. Da dattijon ya ga haka, sai ya ce to shi ke nan, Kashim ya bar masa kujerar gaba, gobe tare za su.

Rakiya, matar Ba Mutallib, ta faɗa mini daga baya cewa ta yi iya ƙoƙarinta. Ta tuna masa shekarunsa, ta tuna masa cewa aikinsa gyara ne ba rakiya ba. Ya ce mata in har ya ce wa mutum ya ɗora rayukan jama'a a kan abu, bai kamata nasa ran ya zauna a inuwa ba. Sai ta ƙulla masa dabino da ruwa.

Ban bi su ba, abin da ya faru Kashim ne ya ba ni, wasu daga cikin manoman ma sun maimaita mini. Tafiya ta yi kyau. A shinge an daɗe ana jira, Ba Mutallib ya hana a kashe inji. Da suka isa, ya sauka ya buɗe bonet ya taɓa kowane kwayil da bayan hannu, sannan ya samu gindin bishiya ya zauna yana kallon masu yanka har la'asar. Aka loda buhuna, mutane suka hau bisa, aka juyo. Sun yi nisa, a wani wuri mai rairayi da ba gida gaba ba gida baya, injin ya fara tari. Ƙarfin motar ya ragu, ta soma rawa. Kashim ya ce bai san sanda gumi ya jiƙa masa riga ba. Mata a baya suka fara salati a hankali. Rana ta yi ƙasa.

Ba Mutallib ya ce ya tsaya amma kada ya kashe. Ya sauka, ya buɗe, ya saurara, ya bi wayoyin da hannu. Soket ɗin da ke shiga kwayil na uku ne ya zame, girgizar hanya ta fito da shi. Ya danna shi har ya yi ƙas, injin ya daidaita nan take. Suka iso gari kafin a rufe hanya.

A cikin motar, bayan hankali ya kwanta, ya gaya wa Kashim abin da ba wanda zai sani in da ya yi shiru. Ya ce kwayil ɗin ba shi da laifi, kada ya je tasha ya ɓata kayan Theophilus. Shi ne ya sa soket ɗin da hannunsa, kuma bai kai shi maƙura ba. Ya ɗaga hannun ya nuna masa yadda yake rawa, ya ce ya jima yana lura, yana cewa gajiya ce.

Daga ranar bai ƙara ɗaure wani abu a motar mutane ba sai Nuraddeen ya bi bayansa ya duba. Ya ci gaba da zuwa, yana saurare, yana nuni, har ya ga garejin ya tsaya da ƙafarsa bayan ruwa. Yanzu ya ce lokaci ya yi. Shinkafar nan an kwashe ta, kuma kwayil ɗin suna jikin motar Kashim har yau.

Na tambaye shi kwanan baya, to a ƙarshe wanne ya fi, na asali ko na kasuwa. Ya ce amsarsa ba ta canza da yawa ba, ta dai ƙara faɗi. Wanda mota ta zo da shi, in yana aiki, cire shi asara ce, kuma mai neman gudu a kwali mai launi iska yake saye. In ya mutu kuma an samu sabo na kamfanin motar daga hannun da aka yarda da shi, shi ne gaba. In babu, sabo na kasuwa daga kamfanin kirki ya fi tsohon da ba a san abin da ya gani ba. Kuma kowanne ne, kada a sallami mota sai ta yi zafi, domin da sanyi kowane kwayil mutumin kirki ne. Theophilus da ke gefe ya ce ai maganarsa ce aka ara. Ba Mutallib ya ce rabinta.

Ba Mutallib, kai ne wanda ya hana mai tsoro abin da yake so, ka ba shi abin da yake buƙata, ba tare da ka kunyata shi ba. Kai ne ka taka da ƙafarka zuwa shagon abokin gardamarka, a gaban mutane, ka ce masa yau shi ne da gaskiya. Mu da yawa mun fi son mota ta mutu a daji da a ce mun janye magana. Kuma da laifi ya zama naka, a wurin da za ka iya jingina shi ga ƙarfen da ba ya magana, ka ɗaga hannunka ka nuna. Dattijon arziki, mai kunnen inji, ban san mutum nawa ne suka kwana a ɗakunansu saboda aikinka ba, kai ma ba ka sani ba, su ma yawancinsu ba su san sunanka ba.

Mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba hannun nan sauƙi, Ya sa hutun ya zama mai albarka, Ya kuma riƙa wa Nuraddeen.

Ga masu sana'a da ke tasowa, kanikawa da masu shaguna da direbobi, ba na ce ku haddace ra'ayinsa a kan kwayil ba, domin motoci suna canzawa, kasuwa ma haka. Ku ɗauki halin. Ku tambayi mai mota inda za shi kafin ku taɓa ta. Ku gwada kafin ku yaba. Abin da ba za ku yarda ku hau ba, kada ku ce wa wani ya hau.

Sauranmu kuma, kowa yana da irin wannan mutum a unguwarsa, mai gyara ko mai ɗinki ko mai jinya, wanda ya saba da aikinsa har ya daina ganinsa. Ba Mutallib yana nan a Gamboru har ƙarshen wata. Wanda ya taɓa amfana da shi ya je ya gaishe shi, ya faɗa masa a kunnensa. Yabon da aka ajiye sai ranar ta'aziyya, iyalai ne kawai ke jin sa.